Goron da Datti Bai Kai Ba

Akwai laifin da ake aikatawa da sunan tausayi. Shi ne mutum ya zauna shi kaɗai ya yanke wa marar lafiya abin da zai iya da abin da ba zai iya ba, bai tambaye shi ba, bai kuma tsaya ya duba da idonsa ba. Mai wannan laifi yakan kwana da farar zuciya, yana ganin alheri ya yi. Irinsa Nasiruddeen ɗan Datti ya aikata a nan Suleja, 'yan shekaru bayan gwamnati ta tattaro ta tare a Abuja.

Datti masinjan En'e ne a zamaninsa. Da ya ajiye aiki bai ajiye keke ba, sai ya koma mai rabon goro a unguwarsu ta Bagama. Duk gidan da aka haihu, ko za a ɗaura aure, ko yaro ya yi sauka, shi ake kai wa ƙwaryar goro ya zaga dangi da abokan arziki ya gayyato su. Wanda bai sani ba sai ya ce aikin ƙafa ne, alhali rabinsa aikin kai ne. Datti ya san wanda dole ya ji kafin wane. Ya san gidan da ake kai biyar da gidan da ake kai biyu. Ya san tsohuwar da ba ta da haƙori ko ɗaya, amma in ba a kai mata farin goro ba sai ta shekara tana mita.

Ciwon karkarwa ya same shi yana da sittin da 'yan kai. Da hannun dama ya fara, babban yatsa yana murza manuni kamar mai jan carbi. Daga nan ya hau dantse, ya kama haɓa. Fuskarsa ta daskare, ta daina nuna dariya ko da cikinsa yana yi. Takunsa ya gajarta, yana tafe a sunkuye yana jan ƙafa. Abin da ya fi ba shi wuya dokin ƙofa ne. In ya zo fita daga zaure sai ƙafafun su kafe kamar an zuba musu siminti, ya tsaya yana rawa wuri ɗaya har sai Allah ya sake shi. An sha rubutu, an yi turare, an je asibiti. Likita ya kira ciwon da sunan wani Bature, wai Fakinsan, ya ce ba ya warkewa, sai dai a riƙa lallaɓa shi da ƙwaya.

Ƙwayar dai Datti ya sha, amma lallaɓawa bai yi ba. In aka yi masa sannu da jiki sai ya ɗaga hannun ya ce wannan ya riga shi tuba, safe da yamma tasbihi yake ba carbi. In aka kawo fura a gora sai ya ce a miƙo masa ya riƙe kawai, za ta damu da kanta. Ƙanwarsa Goggo Talatu, wadda ta dawo gidan tun rasuwar matarsa, ita ta gano dabarar ƙofa. Takan ɗebo toka ta ja layi a ƙasa ta ce ya tsallake. Da zarar idonsa ya ga layin sai ƙafa ta ɗagu. Layi uku ke kai shi bakin titi, inda amininsa Gwadabe mai gyaran keke ya kafa rumfa. Gwadabe ya riƙe keken, a yi ta fama har Datti ya zauna kan sirdi, sannan ya tura shi taku huɗu ya saki.

Daga nan kuma wani mutum ne daban. Hannun da ya damƙi kan keke sai ya daina rawa. Ƙafafun da suka gagara tsallake dokin ƙofa sai su kama feda suna juyawa sumul, babbar riga tana kaɗawa a bayansa. Yakan je Chaza ya dawo kafin azahar. Yakan je Madalla. In ya ji jikin da daɗi har Tafa yake kaiwa, ya kwana wurin 'yar Talatu da ke aure can. Ba wanda ya san dalilin wannan abu, shi ma bai sani ba, cewa yake ciwon bai iya keke ba. In ya isa ƙofar gida ba ya sauka. Sai ya jingina kafaɗa da katanga ya kaɗa ƙararrawa, a fito a riƙe masa keken, ya zura hannu a jakar algarara ya ƙirgo goro daidai, ya faɗi saƙo, ya karɓi labari, a tura shi gaba. Masu shago da matan gida da 'yan tasha, kowa ya iya turin Datti.

Mutum ɗaya ne a garin bai iya ba, ɗansa. Nasiruddeen, da ake kira Nasiru, ɗan fari ne, kuma Datti mutumin da ne mai tsananin kunyar ɗan fari. Tun da aka yaye yaron aka miƙa wa Talatu shi ta raina. Datti bai taɓa kama sunansa ba, bai taɓa duban ƙwayar idonsa ba. Da Nasiru ya sami aikin akawu a wata ma'aikata a Garki, sai uban ya sami abin kiransa: mutumin Abuja. In suna da magana ta wurin Talatu take bi, ko da kuwa suna zaune kan tabarma ɗaya.

Ga kuma yadda zamansu yake. Nasiru yakan fita bayan asuba ya bi motar ma'aikata, uban bai shirya ba. Ya dawo dab da magariba, uban ya riga ya shigo a gajiye, ƙwaya ta sake shi, yana karkarwa yana ɓarin shayi a riga. Uban da ke kafewa a ƙofa Nasiru ya sani. Uban da ke kan keke kuwa, tun da ciwon ya yi ƙarfi, bai taɓa sa shi a ido ba.

Wata Alhamis a farkon damina aka tashi aiki da wuri saboda wahalar mai. Motarsu ta shigo gari wajen la'asar, ta tarar da cunkoso a mararrabar tasha. Wata tirela ce ta danna oda a kunnen wani tsoho mai keke, ya taka birki, ya sa ƙafa ƙasa, shi ke nan ya kafe a tsakiyar titi. Motoci suna ta oda, tsohon yana riƙe da keke yana rawa, yawu yana zuba kan gemunsa. Nasiru ya gane hular tun daga nesa.

Vincent, abokin aikinsa da ke zaune bakin taga, ya girgiza kai ya ce da 'yar Hausarsa, "Wannan papa ba shi da yara ne? Su bar shi haka a titi? Allah zai tambaye su."

Nasiru bai sauka ba. Ya sunkuyar da kai ya buɗe fayil ɗin da ke cinyarsa kamar mai neman wata takarda. Saboda kansa yana ƙasa, bai ga lokacin da wani mai rake ya ajiye wuƙarsa ya zo ya tura tsohon ba, bai kuma ga yadda keken ya ratsa tsakanin motoci ya bar su nan tsaye ba. Da ya ɗago, titi ya buɗe.

Abin da ya ci shi a rai rashin saukarsa ne. Amma mutum bai cika son kama kansa da laifi ba, sai ya juye haushin kan keke. Ya sami likitan ma'aikatarsu ya ba shi labarin ƙofa da yawu da tsakiyar titi, bai kai masa marar lafiyar ba. Likita ya ce in dai haka ne, irin wannan tsoho zaman gida ya kamace shi. Abin da Nasiru ke son ji ke nan. Ranar Asabar ya ce wa Goggo tayoyin keken sun cinye, kuma irinsu sai Abuja. Litinin da asuba aka ɗaure keken a bayan mota, ya kai shi wani sito bayan ofis ya jingine. Da yamma ya bi mai unguwa da liman da manyan gidaje, da ladabinsa, ya ce Baba ya gaji, a taimaka a daina kawo masa goro. Mutane suka ce ɗa ya fi kowa sanin jikin ubansa, suka sa masa albarka.

Gwadabe ne kaɗai ya yi masa gardama. Yana zaune yana goge bakin tib zai yi faci, bai ko ɗago ba ya ce, "Ni na sa tayoyin nan watan jiya. Kai yaro, ka taɓa tura shi ko sau ɗaya?"

Nasiru ya ce, "Baba Gwadabe, ranar da mota ta bi ta kansa, wa za a ce ya tura shi?"

Gwadabe ya ajiye tib ɗin. Shekara shida yana turin amininsa bai taɓa kawo wannan a ransa ba. Akwai kekuna uku na haya a rumfarsa, ya yi niyyar ba Datti ɗaya washegari. Maganar nan ta sa ya fasa.

Nasiru ya sayo kujera mai kushin, irin wadda mutum ke nutsewa a ciki, ya sa a zaure. Ya sayo rediyo. Ya ce a riƙa dafa wa Baba hanta. Duk wanda ya shigo sai ya yaba.

A makon farko, Nasiru yana durƙushe yana gaisuwa, Datti ya dubi bango ya ce, "Talatu, a tambayi mutumin Abuja, marar lafiyarmu ya ji sauƙi?"

Nasiru ya ce wa Goggo ba a sami tayar ba tukuna. Bayan mako biyu Datti ya sake aikowa, ya ce ko da tsohuwar tayar ce zai lallaɓa. Aka ce masa an riga an cire ta. Wata na biyu ya ce a tambaya ko a Abuja da zinariya ake yin taya. Wata na uku bai ƙara tambaya ba. Nasiru yakan saci kallon fuskarsa, ya ga ba fushi ba damuwa, ya ce a ransa Baba ya haƙura. Ya manta fuskar nan shekara da shekaru ba ta nuna komai. Ko wuta ke ci a bayanta haka za ka gan ta.

Da fari Datti bai bar fita ba. Kullum da hantsi sai ya sa hula, Talatu ta ja masa layi, ya je rumfar Gwadabe ya zauna yana kallon masu wucewa, ana gaishe shi daga nesa. Da ruwa ya kankama, toka ba ta zama a ƙasa. Ranar da aka fasa fita ta zama kwana biyu, ta zama mako. Kujerar kuma in ya nutse ciki sai mutum biyu sun ɗago shi, shi kuwa ba ya son a yi ta ɗago shi, sai ya gwammace ya zauna. Muryarsa ta ƙanƙance don ba wanda yake ɗaga ta dominsa. Barkwancin fura da carbi duk aka daina ji.

Damina tana ja da baya Muhsina, matar Nasiru, ta haifi ɗa namiji ranar Lahadi. Aka sayo ƙwarya biyu ta goro. Nasiru ya ce zai buga kati a Abuja a ba 'yan acaɓa su raba. Goggo kuwa, bisa sabo, ta kai goron gaban wanta ta buɗe. Datti ya sa hannu ya ware farare daga jajaye, ya yi ta tara su tsibi-tsibi kan tabarma, leɓensa yana motsi da sunayen gidaje. Da ya gama ya zauna yana kallon ƙofar zaure, har aka kira azahar.

Goggo ta tare Nasiru a bakin rijiya. Ita ta goya shi, ba kunya tsakaninsu.

Ta ce, "Shekara nawa yana kai goron 'ya'yan mutane. Na sunanka bai kai ba, don kunya. Na aurenka bai kai ba, don kunya. Na jika ne kaɗai aka yardar masa ya kai da bakinsa, yana wasa yana dariya. Tun cikin yarinyar nan yana wata uku yake lissafin gidaje. Kai kuma ka ce taya."

Nasiru ya fara maganar titi da tirela. Ta ce ta sani. Ta ce tun ranar farko ta gane ƙaryar tayar, ta yi shiru don ita ma tsoron titin take ji, Allah ya yafe mata. Sannan ta ce masa ya je ya dubi ƙafafun ubansa da kyau, ya gaya mata ko titi ya taɓa yi musu abin da kujera ta yi.

Ya je ya duba. Sun kumbura daga idon sawu, ƙaurin kuwa ya zama kamar kara.

Saura kwana shida suna. Litinin ya dawo da keken a bayan mota, tayoyi a sace, kaca ta yi tsatsa, gizo-gizo ya yi saƙa a waya. Gwadabe ya karɓa. Ya wanke da kananzir, ya sa giris, ya ba da iska, ya gwada ƙararrawa. Datti yana zaure ya ji ƙarar. Goggo ta ce a ranar ya ci tuwo har ya nemi ƙari.

Talata da hantsi Nasiru bai je aiki ba. Layi uku da ke kai Datti bakin titi suka zama tara. Da aka isa, ƙafa ta ƙi ɗaguwa ta haye keken, sai da Gwadabe da Nasiru suka ɗaga shi cak suka ɗora. Gwadabe ya ja da baya ya ce wanda ya raba shi da keken shi zai tura. Nasiru ya ɗora tafinsa a bayan ubansa, karo na farko tun da ya yi wayo, ya ji ƙashin baya ɗaya-ɗaya a ƙarƙashin riga. Ya tura taku huɗu ya saki. Keken ya yi gaba kaɗan ya karkata. Da gudu ya tare shi. Aka sake, aka sake, har sau biyar. Gwadabe ya ce rashin sabo ne, gobe jiki zai tuna.

Laraba ƙafar hagu ta juya feda sau ɗaya, ta dama ta zame. Mutanen da suka taru suna ta cewa saura kaɗan. Nasiru ya riƙe sirdin ya yi ta gudu da shi har ƙarshen layi ya dawo, gumi ya jiƙa shi sharkaf, amma ya san shi ke tafiyar, ba uban ba. Da ya sassauta hannu sai nauyin ya faɗo masa a ƙirji.

Alhamis ba a tara mutane ba. Su huɗu ne kawai. An yi biyu, ana shirin na uku, Datti ya yi magana, murya can ƙasa.

"Talatu, ce masa ya daina turawa. Ƙafar ta manta."

Nasiru ya tsaya riƙe da sirdi, bai saki ba, bai kuma tura ba. Gwadabe ya juya ya shiga rumfarsa ya kama kwance wata taya da ba abin da ya same ta.

Da rana Nasiru ya aro mashin, ya ce zai goya Baba su zaga tare. Datti ya ce a gaya wa mutumin Abuja shi ba buhun masara ba ne. Sai dai ya yarda ya faɗi gidajen. Nasiru ya durƙusa da biro da takarda, Datti yana faɗa wa Talatu, Talatu tana maimaitawa. Amma Datti ba ya kiran gida da sunan mai shi na yanzu. Sai ya ce gidan da kuka ta faɗi, ko gidan Sarkin Aska na da, ko bayan tsohuwar marina. Kukar ta faɗi tun Nasiru bai shiga makaranta ba. Tsibin goro kan tabarma sittin da ɗaya ne. A na goma sha bakwai numfashin tsohon ya gaza, aka kwantar da shi.

Juma'a da Asabar Nasiru ya zaga da mashin. Cikin sha bakwai ɗin nan sha ɗaya ya gano. Ko'ina ya je sai an ajiye goron gefe an tambaye shi Datti. Wata makauniyar tsohuwa a Chaza ta ce tun da ƙararrawar nan ta daina zuwa ba ta san wanda ya mutu da wanda ya haihu a cikin gari ba, ta zaci ma shi ne ya rasu aka ɓoye mata. A Madalla aka nuna masa wasu 'yan'uwa biyu da suka shekara bakwai ba sa gaisawa. Datti ne ya riƙa kai wa kowanne goro yana cewa ɗan'uwansa ya ce a gaishe shi, har suka gaji suka gaisa da gaske. Nasiru bai san wannan ba sai da ya riga ya fara kai wa ƙanen, wan kuwa da ya ji an fara da ƙanensa ya mayar masa da goronsa ta kan katanga.

Nwamaka, wata 'yar haya mai shagon kayan masarufi, ta fito da ludayi a hannu. Ta ce da za a yi bikin 'yarta a coci, Baba Datti ya ce kati ba ya kiran Bahaushe, ya sa ta sayi goro ya zaga mata, maƙwabta suka cika rumfa. Ta ce ita ce mai turinsa in ya biyo layinsu.

Ta ce, "Kai ba ka gan shi ba? In na saki, sai na tsaya ina kallo har ya sha kwana. Kamar saurayi."

Nasiru ya ce bai gani ba.

An yi suna ranar Lahadi, rabin tabarmin da aka shimfiɗa ba kowa a kai. Da aka watse aka kawo wa Datti jaririn, Talatu ta tallafe ta ƙasa. Hannun kakan yana rawa, yaron da ke kuka ya yi shiru. Datti ya ce wannan ɗan ya yi sa'a, ya sami mai jijjiga kyauta. Mata suka yi dariya. Nasiru yana bakin ƙofa, ya juya ya fita.

Bayan haka ba abin da bai yi ba. Ya fitar da kujerar kushin ya kawo benci. Ya kai uban babban asibiti, wannan karon da kansa. Likitan da ya duba shi ya saurari labarin duka, ya ce ya taɓa jin masu irin ciwon da ke iya keke alhali ba sa iya tafiya, sannan ya tambayi wanda ya ce tsohon ya daina. Nasiru ya dubi ƙasa. Aka ƙara ƙwaya, aka ce a riƙa motsa shi. Kullum Asabar da Lahadi Nasiru ke jan layin toka da hannunsa daga zaure zuwa rumfar Gwadabe. Layin da ke tara ya zama sha biyu, ya zama sha biyar, daga baya ko an ja ƙafa ba ta ɗaguwa. Haka ya yi ta kallon ciwon yana karɓar abin da keke ya hana shi shekara shida, ba yadda zai yi.

Abu ɗaya ya rage masa, ya nemi gafara. Kullum da asuba in ya durƙusa gaisuwa maganar tana bakinsa. Irin wannan ba a aika Goggo da ita, shi kuma bai taɓa koyon yi wa ubansa magana kai tsaye ba. Sai ya ce gobe. Wata safiya Goggo tana madafi, ya daure ya ce, "Baba, keken nan." Ya tsaya nan. Datti ya juyo da ido, ya dube shi sosai, abin da bai taɓa yi ba. Leɓensa ya motsa, ya faɗi wata magana, kalma uku ko huɗu. Nasiru ya matso da kunne ya ce bai ji ba. Tsohon ya sake gwadawa, iska kawai ta fito. Fuskar kuwa tana nan yadda take. Motar ma'aikata ta yi oda a bakin titi, ya tashi ya tafi da niyyar ya ƙarasa da yamma. Da yamma ya tarar da baƙi, washegari kuma ƙarfin halin ya gudu.

A daminar da ta biyo Datti ya shaƙe da kunu, abin ya sauka ƙirji ya zama tari. Kwana tara ya yi yana fama. Ya cika wata Talata da hantsi, Nasiru yana Garki yana buga takarda. Kafin a kai masa labari ya iso, an yi wanka an sa likkafani, shi kaɗai ake jira a yi salla.

Ga abin da Nasiruddeen ya rasa, ba ƙari ba ragi. Wata biyar ya tsare keke, ya rasa ƙafafun ubansa gaba ɗaya. Gidaje sittin da ɗaya da ke cikin kan tsohon, sha ɗaya suka rage masa, hamsin sun tafi da zumuncinsu. Gwadabe yana amsa sallamarsa don addini, bayan wannan ba ya ƙara masa kalma. Goggo Talatu da aka yi sadakar arba'in ta ɗaure kayanta ta koma Tafa wurin 'yarta. Garin nan kaf ya ga Datti a kan keke yana keta ciwonsa, shi ɗansa na fari bai gani ba ko sau ɗaya. Gafarar da ya je nema kuwa, har yau bai san ko an ba shi ita ko an hana shi ba.